Gwajin rini a naman sankarar mama: me ya sa likita ya ce a sake?

Autar Hajiya: Assalamu alaikum jama'a. Don Allah masu aikin lab da likitoci ku taimaka min da bayani, kaina ya ɗaure. Yayata ce, shekararta 43, aka yi wa aikin cire mama wata biyu da suka wuce saboda sankara. A wani asibiti na garinmu aka yi. Da aka gama sai suka miƙo mana naman a bokitin roba mai murfi, suka ce mu kai birni a duba. Ranar Alhamis da yamma aka yi aikin, ba mu samu tafiya ba sai Asabar, lab ɗin kuma ba su karɓa ba sai Litinin. Sakamako ya fito, daga baya aka ce mu sake biya a yi wani gwaji wai shi IHC. Shi ma ya fito: ER babu, PR babu, HER2 sifili. Likitan farko ya ce wannan irin ba ya jin maganin haɗiya, sai kemo kaɗai. To jiya mun je wurin likitan sankara, ya daɗe yana kallon takardun, sai ya ce shi bai gamsu ba, a nemo ɗan naman da aka ɗiba da allura kafin aiki a sake gwajin a kansa. Mijinta ya ce cin kuɗi ne kawai, gwaji ai gwaji ne. Ni kuma hankalina bai kwanta ba. Mene ne ma IHC ɗin nan? Kuma ta yaya ciwo ɗaya a jikin mutum ɗaya zai ba da amsa biyu?

Maman Biyu: Wa alaikumus salam. Allah ya ba ta lafiya, ya sa kaffara ce. Mun ga irin wannan da gwaggona, sai dai mu ko gwajin ma ba a ce mu yi ba.

Baban Lab: Amin. Ƙanwata, ki ba mijin yayarki haƙuri, likitan nan ba kuɗinsa yake nema ba. Da hannuna nake wannan aikin shekara da shekaru, bari in gaya miki yadda yake.

Naman da kuka kawo mukan yanki 'yan gutsattsari daga jikinsa, mu tsotse ruwan da ke cikinsu, mu dasa su a kaki su zama ɗan bulo wanda bai kai akwatin ashana ba. Daga bulon muke fere yanka siriri, maikiron 3 zuwa 4, fatar albasa ma ta fi shi kauri nesa ba kusa ba, mu shimfiɗa a gilashi. Rinin farko da ake yi wa kowane nama, mai shuɗi da ja-ja, shi ke nuna wa likita siffar ƙwayoyin: sankara ce ko ba ita ba, kuma wace iri ce. Amma ba ya nuna irin furotin da ke cikin ƙwayar. Aikin IHC ke nan, wato rini na biyu mai gano furotin irin su ER, PR da HER2 da kika gani a takarda. ER da PR kujeru ne da sinadaran jikin mace, estirojin da furojestaron, ke zama a kai, HER2 kuma furotin ne mai ingiza ƙwaya ta yi ta girma.

Jikin mutum da na dabba yana ƙera wasu sinadaran garkuwa da ake kira antibodi. Kowanne abu ɗaya tak ya iya kamawa. Ki ɗauka ɗan aike ne aka tura Kasuwar Kurmi, fuskar mutum ɗaya kaɗai ya sani, in ya gan shi sai ya riƙe masa riga ya ƙi saki. Wanda muke saya an samo shi daga zomo ko ɓera, an tanade shi ya san fuskar ER kawai, wani PR, wani HER2. Sai mu ɗiga shi a kan gilashin, mu jira, mu wanke. Wanda ya samu abin kamawa ya zauna, sauran ruwa ya tafi da su. Sai mu ɗiga na biyu, shi kuma aikinsa ya kama na farkon, yana goye da wani enzayim. Daga nan sai DAB, wanda duk inda ya tarar da enzayim ɗin sai ya rikiɗe ya zama ruwan ƙasa ya manne a wurin. A ƙarshe mu bi da shuɗi kaɗan don a ga sauran ƙwayoyin. ER da PR a cibiyar ƙwaya suke zaune, don haka cibiyar ce ke rinewa. HER2 kuwa a bangon ƙwaya yake, sai ki ga an zagaye kowacce da layi kamar ragar kejin kaji.

Yanzu ni ma ina da tambaya. Ruwan da ke cikin bokitin ya rufe naman? Kuma an tsattsaga shi ko a dunƙule yake?

Autar Hajiya: Na gode Yaya, wallahi yau na fara fahimta. Ni na riƙe bokitin. Ruwan ko rabin naman bai kai ba, kuma a dunƙule yake yadda aka ciro shi. A but ɗin mota muka sa shi saboda warin maganin yana shiga ido. Watan Afrilu ne, zafi kam sai wanda ya gani.

Baban Lab: Inna lillahi. To ga inda gizo ke saƙar. Daga lokacin da aka raba nama da jini ya fara cin kansa, kuma furotin irin su ER suna cikin masu saurin lalacewa. Fomalin, wato ruwan maganin da ke cikin bokitin, shi ne ke tsayar da wannan, amma a hankali yake ratsa nama, kimanin milimita ɗaya a awa a farko, yana ƙara nisa yana ƙara nauyin tafiya. Mama kuma kitse ne mai kauri, ƙullutun yana can ciki. Kin san naman Sallah in aka dunƙule cinya guda aka rufe a roba da zafi: waje zai yi kamar lafiya, ciki ne ke fara juyawa. Ɗan aikenmu ya je kasuwa, amma fuskar da ya sani ta riga ta ɓaci, sai ya wuce ya dawo ya ce babu kowa.

Dakta Mai Madubi: Sannunku. Ni likitan duba nama ne, mu muke karanta gilasan da su Malam suke rinawa. Malama Auta, duba min takardar farko, ba ta IHC ba. Wace irin sankara aka rubuta, kuma giredi na nawa? Sannan a takarda ta biyu, an ce wani abu game da gwajin shaida, wato kwantirol?

Autar Hajiya: Ranka ya daɗe, an rubuta lobula ce, giredi na 2. Ta biyun kuwa layi uku ne kawai da sa hannu, babu wani bayani.

Dakta Mai Madubi: To na gane abin da abokin aikina ya hango. Irin wannan ta lobula, wato mai tasowa daga 'yan jakunkunan da ke yin nono, fiye da tara cikin goma suna da ER. Ba wai ba a taɓa samun marar shi ba, ana samu, amma in na ga lobula mai giredi na 1 ko na 2 ta fito babu ER babu PR, ba na sa hannu sai na tuhumi gilashin tukuna.

Yadda ake tuhumar kuwa mai sauƙi ne. A gefen sankarar yawanci akwai ragowar lafiyayyun bututun nono, kuma wasu daga ƙwayoyinsu suna da ER ta halitta. Su ne shaidar cikin gida. In sun rine sankarar ba ta rine ba, na yarda babu. In su ma sun fito fari fat, to ba sankarar ce ta rasa ER ba, gwajin ne bai ci ba, kuma abin da ya dace a rubuta shi ne "ba a iya tantancewa ba", ba "babu" ba. Akwai kuma shaidar waje, wani nama da muka tabbatar yana da furotin ɗin, a ɗora shi a gilashi ɗaya da na marar lafiya. Sai dai ku lura: shaidar waje tana wanke antibodi da hannun ma'aikaci ne kawai, ba ta wanke bokitin da ya kwana huɗu a hanya.

Ƙa'idar da ƙungiyar likitocin sankara da ta likitocin duba nama na Amurka suka fitar a 2010 ta ce nama ya shiga fomalin cikin awa ɗaya da cirowa, a tsaga shi yanka-yanka, ya zauna ciki aƙalla awa 6, kada ya wuce awa 72. Kuma in kashi 1 cikin 100 na ƙwayoyin sankarar suka rine, ER akwai. Naman allura siriri ne kamar tsinken tsintsiya, nan take ake jefa shi a kwalba, fomalin ya ratsa shi kafin ya lalace. Shi ya sa likitanku ya ce a nemo shi. Ni ma abin da zan ce ke nan.

Sista Tiyata: Ina karantawa tun ɗazu, kuma na san inda maganar za ta ƙare, a kanmu ma'aikatan ɗakin tiyata. Dakta, da girmamawa, ku a birni kuke. Ni a ƙaramin asibiti nake. Wata rana fomalin ɗin da ke sito gaba ɗaya bai cika kwalbar lemo ba, kuma da shi za a raba wa mutum uku. Babu wanda ya taɓa zaunar da mu ya ce a tsaga nama. Abin da aka koya mana ma shi ne kada a taɓa shi, a kai shi yadda yake don kada a ɓata wa mai dubawa gefunansa. Yanzu kuma a ce laifinmu ne?

Baban Lab: Sista, Allah ya huci zuciyarki, amma gaskiya ɗaya ce. Na sha karɓar nama a ruwan gishirin ƙarin ruwa, na karɓa a sifirit, na taɓa karɓa a leda babu komai. Kuma in sakamako ya ɓaci mu ake zagi.

Sista Tiyata: Ku ma Malam ai ba a rasa ku da naku. Nama nawa ne ke isowa da kyau ya yi sati biyu a kan benci saboda injin ya lalace ko ana yajin aiki? Awa 72 ɗin da Dakta ya faɗa a wurinku ake karya ta, ba a wurinmu ba.

Baban Lab: Wannan kam kin faɗi gaskiya, ba zan musa ba. Har da wanda ba ki sani ba: antibodi a firji yake zama, tsakanin digiri 2 zuwa 8. In wuta ta yi kwana biyu babu kuma janareta ba mai, kwalbar da aka saya da tsada ƙarfinta raguwa yake, ido kuma ba ya gani. Ga jarabar ƙara masa ruwa fiye da ƙa'ida don ya isa mutane da yawa. Na ga ana yi, kuma na ƙi yi, har ya jawo min baƙin jini a wurin aiki.

Dakta Mai Madubi: Sista, maganarki ta gefuna tana da tushe, ba a banza aka koya muku ba. Mafita ita ce likitan da ya yi aikin ya sa zare ya nuna sama da gefe, a shafa tawada a ƙasan naman in da hali, sannan a tsaga daga baya kamar burodi, tazarar da ba ta wuce santimita ɗaya ba, ba tare da an raba shi gida-gida ba. A cusa ɗan gozi tsakanin yankan don ruwa ya shiga. Fomalin ya ninka naman kamar sau goma, a mazubi mai faɗin baki. In mai kauri kuke samu, wanda ke zuwa kashi 37 zuwa 40, kashi ɗaya nasa a kashi tara na ruwa shi ne kashi 10 da muke nufi, kodayake wanda aka daidaita tsaminsa ya fi. In fomalin ya yi kaɗan ƙwarai, gara a yanko ɗan yanki daga ƙullutun kansa a sa a ƙaramar kwalba daban wadda ruwa ya rufe shi sosai. Sai a rubuta lokaci biyu a fom: ƙarfe nawa aka ciro, ƙarfe nawa ya shiga ruwa. Layi biyun nan suna gaya min ko in yarda da gilashina ko in yi shakka.

Kada kuma wani ya ɗauka ciwon talauci ne kawai. A lardin Niyufanlan na Kanada, tsakanin 1997 da 2005, an ba marasa lafiya kusan 400 sakamakon ER da PR na kuskure, sai da aka kafa kwamitin bincike ƙarƙashin mai shari'a, ya ba da rahoto a 2009. Abubuwan da aka gano a can su ne waɗannan da muke lissafawa: naman da fomalin bai kama da kyau ba, da rashin kula da shaida.

Mai Kemis: Ni fa ina da wani ra'ayi daban, ku yi min uzuri. Tamoksifen magani ne mai araha, ƙwaya ɗaya a rana. Gwajin nan kuɗi ne, ga kuɗin mota, ga jira, kuma kun faɗa da bakinku yana iya yin ƙarya. Me zai hana kowace mai sankarar mama a ɗora ta a kai kawai? Wadda zai yi wa amfani ya yi, a huta da wahalar da talaka.

Maman Biyu: Haka aka yi wa gwaggona. Shekara biyu tana sha.

Dakta Mai Madubi: Alhaji, inda babu gwajin sam, likitoci da yawa sun yi haka, kuma ba na ganin laifinsu. Amma inda za a iya yi, ban yarda ba. Tamoksifen kujerar ER yake hayewa ya hana sinadarin estirojin zama. In babu kujerar babu abin da zai yi wa sankarar, illarsa kuma tana nan: daskarewar jini a jijiya, da ƙarin haɗarin sankarar mahaifa. Mafi muni, iyali su saki jiki ana shan magani alhali ciwon yana tafiya. Wadda ke da ER kuwa, shan sa shekara biyar yana rage mutuwa daga ciwon da kusan kashi ɗaya cikin uku. Ka ga bambancin ya yi girman da ba za a bar shi ga canki-canka ba.

Ga kuma HER2, wanda babu yadda za a yi a yi masa ƙiyasi. Kimanin kashi 15 zuwa 20 cikin 100 na sankarar mama ke da shi da yawa. Maganinsa, tirastuzumab, wanda aka amince da shi a Amurka a 1998 tare da gwajin rininsa, tsadarsa tana sa a sayar da gona. Muna karanta shi 0, 1+, 2+ ko 3+. Uku akwai, biyu kokwanto ne sai an ƙirga ƙwayar gadon da wani gwaji daban. Za ka sa mutum ya sayar da gona ba tare da an ga layin nan mai kauri ya zagaye ƙwayoyin ba?

Mai Kemis: A kan HER2 na sallama. A kan tamoksifen har yanzu ina ganin matar ƙauye da ba za ta taɓa zuwa birni ba, gara ta sha da ta zauna haka.

Sista Tiyata: Ba ita za ta je birnin ba ai, bulonta ne zai je. Wannan kam ko a ambulan direban tasha zai kai.

Tsohon Malami: 'Ya'yana, kun taɓo abin da ya daɗe yana ci min tuwo a ƙwarya. Shekaru ana maimaita cewa sankarar matan Afirka ta Yamma yawancinta mai "babu uku" ce, wato babu ER, babu PR, babu HER2, har ya zama kamar karatun allo. Amma a 2008 masu bincike a Ibadan suka kula da namansu tun daga ɗakin tiyata, sai suka samu kusan biyu cikin uku suna da ER. A 2014 kuma aka tattara binciken da aka yi a faɗin Afirka, aka ga waɗanda suka yi aiki da sabon nama da aka tanada da kyau sun fi samun ER a kan waɗanda suka kwaso tsofaffin bulo daga sito. Ban ce babu bambanci ba, mai "babu uku" tana da yawa a cikinmu, kuma matanmu da ƙuruciya take kama su. Abin da nake cewa, wani kaso na wannan "babu" ɗin a bokiti aka haife shi, ba a jikin matan ba. Kuma kowace ɗaya daga cikinsu mace ce da aka hana magani mai araha da zai ƙara mata kwana da yardar Allah.

Ku kuma yara masu koyo ku san aikin nan bai sauko haka ba. Albert Coons ne a jami'ar Habad ta Amurka ya fara liƙa wa antibodi rini mai ƙyalli a 1941. A 1966 Nakane da Pierce suka sa enzayim a madadin ƙyallin, aka samu damar gani da madubin lab na yau da kullum. A 1975 Köhler da Milstein a Kambirij suka gano yadda za a samar da antibodi iri ɗaya tak ba iyaka, abin da ya kai su ga kyautar Nobel a 1984. Amma wanda ya fi taɓa aikinmu shi ne na 1991, da Shan-Rong Shi da abokansa suka nuna cewa in aka dafa gilashin a ruwa, furotin da fomalin ya ɗaure yana buɗewa. Kafin nan kowa gani yake zafi ɓata nama zai yi.

Baban Lab: Allah ya ƙara girma, Baba. Shi ne matakin da na tsallake ɗazu. Fomalin yana tsare mutumin kasuwar nan, amma yana naɗa masa amawali ya rufe fuska. Dafawar ce ke sauke amawalin. Mu da tukunyar firesha ta girki muke yi, a ruwan sitiret mai pH 6 ko na EDTA mai pH 9, gwargwadon abin da antibodin ke so. Amawali ana saukewa. Fuskar da ta ruɓe ce ba ta da magani.

Ɗalibar Masta: Don Allah ku yi haƙuri in tsoma baki, tawa matsalar akasin wannan ce. Ina aikin bincike a hantar ɓera, kuma duk gilashin ne ke yin ruwan ƙasa, har wanda ban sa wa antibodin farko ba. Sau uku ke nan, kayan kuma sun kusa ƙarewa.

Baban Lab: Madalla da kika yi gilashin da babu na farko, shi ya nuna miki ba furotin ɗinki kike gani ba. Abu uku za ki duba. Nama mai jini yana da irin enzayim ɗin nan na kansa, sai an kashe shi da haidirojin feroksaid kashi 3 na minti goma, kuma sabo, don wanda ya daɗe a buɗe ruwa ne kawai. Na biyu, in kayan rininki masu aiki da bayotin ne, wato wani bitamin da ake liƙa wa antibodi, hanta da ƙoda cike suke da bayotin nasu, dafawa ma ƙara fito da shi take. Ko ki toshe shi, ko ki koma kayan folima, waɗanda ba sa aiki da bayotin. Na uku, kada gilashi ya bushe ko sau ɗaya daga farko har ƙarshe, ki sa jiƙaƙƙiyar takarda a akwati mai murfi, musamman da hunturu. Wani abu kuma: ɓeran naki ƙarami ne ko babba, kuma daga wace dabba aka samo antibodinki na farko?

Ɗalibar Masta: Ƙananan fararen nan ne, Malam. Antibodin ma na ɓera ne.

Baban Lab: To ga babbar matsalar. Na biyunki an tanade shi ya kama duk antibodin ƙaramin ɓera, naman kuma cike yake da nasa na halitta. Ki nemi na zomo, ko kayan da aka yi musamman don wannan. Kuma ki sa safar hannu, DAB ana tuhumarsa da jawo sankara, kada ki zubar da shi a sinki.

Dakta Mai Madubi: Tunda an zo nan, ba kowane ruwan ƙasa ne rini ba. Baƙin fatarmu, melanin, a madubi ruwan ƙasa ne, shi ya sa a naman fata nakan roƙi a yi min da jan rini. Hanta da saifa da mabiyiyar mutanenmu kuma sau da yawa akwai baƙin da zazzaɓin cizon sauro ke bari. Sabon ido zai ƙirga su a matsayin sakamako. Sai ka tambayi kanka: launin yana inda furotin ɗin ke zama? ER a wajen cibiya ba ER ba ne.

Likitan Dabbobi: Mu ma da wannan dabarar muke tabbatar da haukan kare. Ana dangwala ƙwaƙwalwar karen a gilashi, a sa antibodi mai ƙyalli, a duba a ɗaki mai duhu, in akwai cutar sai ka ga ɗige-ɗige kore shar suna haske. Cibiyar binciken dabbobi ta Vom tana yi. Akwai kuma wanda hukumar CDC ta Amurka ta ƙirƙiro mai jan launi, da madubi na yau da kullum ake karanta shi. Ciwon kanmu ɗaya da naku: a kashe kare, a bar kan a rana kwana biyu, sannan a kawo. Sai dai mu sanyi muke so, fomalin ɓata mana gwajin ƙyallin yake. Wanda kare ya ciza kuma kada ya jira sakamako, ya wanke wurin da sabulu da ruwa minti 15 ya tafi asibiti.

Na Damagaram: Nan wajenmu anapat muke ce ma wannan sashe. Tambayata, Dakta, mama kaɗai ake yi wa? Ɗan ƙanena ne ke da kumburin muƙamuƙi, an ɗebi nama.

Dakta Mai Madubi: Allah ya ba shi lafiya. A'a, ko'ina ana yi. Wani lokaci ƙwayoyin sun rikice har ba a gane asalinsu, sai mu tambaye su da rini: saitokeratin na nuna 'yan fata da bututu, CD45 na nuna 'yan jini, CD20 da CD3 su raba su gida biyu. A yaro mai kumburin muƙamuƙi mukan yi tunanin cutar Burkitt, wadda aka fara bayaninta a Yuganda a 1958. Akwai rinin Ki-67 mai nuna ƙwayoyin da ke rabuwa, a wannan cuta kusan dukkansu ke rinewa. Tana da saurin girma, amma tana jin magani ƙwarai in an fara da wuri. Ku bi sakamakon da ƙafa, kada ku jira a kira ku.

Autar Hajiya: Jama'a na dawo, yau kwana goma sha biyu. Na karanta wa mijin Yaya bayananku, da ya ji maganar naman Sallah sai ya yi shiru, washegari da kansa ya je ya nemo bulon allurar. Sun sha wuya kafin a gano shi a sito, lambar da ke tsohuwar takarda ce ta taimaka. An sake gwajin. ER akwai, an rubuta kusan duka ƙwayoyin sun rine sosai, PR ma akwai, HER2 1+. Wannan karon an rubuta cewa shaida ta fito daidai. Likita ya ce za ta ƙarasa kemo, sannan ta fara tamoksifen. Da ya faɗa mata, Yaya kuka ta yi, ni ma na yi.

Maman Biyu: Alhamdu lillahi. Allah ya ƙaro sauƙi, ya raya mata 'ya'yanta a gabanta.

Sista Tiyata: Amin. Ni ma na yi magana da likitanmu, ya yarda zai riƙa tsagawa da kansa. Na ƙara layin lokaci biyu da biro a duk fom ɗin da ke durowata. Fomalin ne har yanzu muke bin sito a kansa.

Autar Hajiya: Yaya na Lab, sun dawo mana da bulon a hannu. In sa shi a firji ne?

Baban Lab: Ba sai firji ba, ƙanwata. Ki sa shi a ambulan ki rubuta lambarsa a baya, ki ajiye a durowa a ɗaki mai sanyi-sanyi, inda ɓera da kyankyaso ba sa kaiwa. Kakin yana narkewa kafin zafi ya kai digiri 60, don haka kada ki bar shi a mota ko kusa da taga. Ki haɗa shi da takardun duka biyu, tsohuwar da sabuwar, ko da wata rana za a buƙaci wani gwajin a kansa.